Ku Tambayi Mai Gyaran Sanyi: Gaz ɗin firigo mai kama wuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ce a Garin Malam, nan Damagaram. Firigona biyu. Sabon da na saya a Kasuwar Dole kafin azumi yana da hoton harshen wuta a bayansa, an rubuta R600a. Maƙwabciyata ta ce bam na ajiye a ɗaka, wai Turawa ma sun hana shi. Tsohon kuwa ya daina sanyi, wani yaro mai gyara ya ce zai ɗura masa gaz na girki, ya fi araha. Wanne zan ji wa tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwana da sabon firigonki hankali kwance. Yaron nan kuwa, kada ki bari ya taɓa tsohon.

Maƙwabciyarki ta faɗi rabin gaskiya. R600a, wato gaz ɗin da ke sa firigon sanyi, ɗan'uwan gaz ɗin girki ne, yana kama wuta, haka ma R290 da ake sa wa manyan firigo na kanti da wasu kilim masu sanyaya ɗaki. Amma nawa ne a ciki? Ki duba takardar da ke manne a bayan, za ki ga giram hamsin ko saba'in, wanda bai cika kofin shayi biyu ba. Wannan gaz ba ya kamawa sai ya kai wajen giram 43 a kowace mita guda ta iska, tsawo da faɗi da bisa. Ɗaki mai mita uku ta kowane gefe sai an sake masa fiye da kilo ɗaya kafin ya cika haka. Kwalbar gaz mai kilo 6 da ke madafarki ta fi shi abin tsoro nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikin firigon kansa. Wuri ne ƙarami, a rufe; giram goma sha ɗaya ko sha biyu sun isa su sa iskar cikinsa ta iya kama wuta. Shi ya sa wanda aka ƙera domin R600a ake rufe makunnin fitilarsa da na'urar da ke kunna injin ta kashe, ko a fitar da su waje, don kada tartsatsi ya sadu da gaz. Tsohon firigonki ba a yi masa wannan tanadi ba. An yi shi ne domin R134a ko R12, waɗanda ba sa ci da wuta. A ɗura masa mai kamawa, ya yi yoyo cikin dare, ki buɗe ƙofa da asuba fitila ta kunna, ƙofar ce za ta same ki a fuska. Ga shi gaz na girki yana da laima da datti, zai toshe siririn bututun ya gajiyar da injin, sanyin ma ba zai kai yadda kike so ba.

Batun hani kuma, an juya miki zancen ne. Waɗanda duniya ke kora su ne tsofaffin. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da R12 saboda yana huda rufin sama da ke tare mana mugun hasken rana mai ƙona fata, R22 na tsofaffin kilim ma yana kan hanyar fita zuwa 2030. Gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016, wanda Nijar ta amince da shi, ya ce a rage irin su R134a, domin kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na hayaƙin kabon. Na R600a bai wuce kilo uku ba. Tun wajen 1993 Jamus ta fara ƙera firigo da shi, yau kuwa shi ne a kusan kowane firigon gida na Turai. Amurka ce ta daɗe tana ɗari-ɗari: sai 2011 ta yarda da giram 57, a 2018 ta ɗaga zuwa 150, wanda shi ne iyakar da ƙa'idar ƙasashen duniya ta sa wa firigon gida. Abin da Amurkar ta hana shi ne irin shawarar yaron nan: ɗura gaz mai kamawa cikin na'urar da ba a yi ta dominsa ba, har da kilim ɗin mota.

Wani abu da mutane ba su sani ba: gaz mai kamawa na firigo ba shi da wari. Warin da kike ji a na girki sa masa aka yi da gangan. A 2008, a Tamahere ta ƙasar Niyu Zilan, wani babban ɗakin sanyi da aka mayar kan irin wannan gaz ya yi yoyo, ƴan kwana-kwana suka shiga ba su ji warin komai ba, wurin ya tashi, ɗaya ya rasu, bakwai suka ji rauni.

Ni ma na ga ƙaramin misalinsa a rumfata. Wani yarona ya kai wutar walda kan bututu bai duba takardar injin ba. Allah Ya taƙaita, gira da gashin goshi kawai ya rasa, har yau abokansa na yi masa tsiya. Tun ranar, duk firigon da ya shigo sai an karanta bayansa, a fitar da shi tsakar gida, a zuƙe gaz ɗin tas kafin a kunna wuta.

Ke kuma, Hajiya, na san halinku masu ƙanƙara idan ciniki ya buɗe gab da shan ruwa: wuƙa ake sa wa a ɓamɓaro ledar da ta manne. Ki daina. Bututun yana nan ƙarƙashin ƙanƙarar, bai fi kaurin kara ba. In tsautsayi ya sa kin huda kin ji yana huci, kada ki taɓa makunni ko ki zare wayar kuran a nan kusa, kada a shigo da garwashi ko turaren wuta. Ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara, domin gaz ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sannan a yanke kuran daga kwantar.

Tsohon kuwa, ki sa a nemo inda yake yoyo tukuna a toshe, sannan a mayar masa da irin gaz ɗin da aka rubuta a jikin injinsa. Ki ce mai gyaran ya nuna miki gwangwanin kafin ya ɗura.