Muryar Injiniya kan kama hayaƙin tashar wuta, na rubuta wa waɗanda ba su da data

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Yallaɓai ka tambaya wai da gaske ne Turawa na kama hayaƙin tashar lantarki kafin ya hau sama, to eh gaskiya ne, amma ba duka hayaƙin ake so ba, iskar kabon ɗin nan da ke ƙara wa duniya zafi ita ake tsamowa.

Yadda aka fi yi, bayan an ƙona kwal ko gas sai a tura hayaƙin cikin wata doguwar hasumiya ana yayyafo masa wani ruwan sinadari, amin ake ce masa, shi kuma ya shanye kabon ɗin kamar yadda garin kwaki ke shanye ruwa, sauran iskar ta wuce abinta. Daga nan a kai ruwan wata tukunyar a dafa shi da tururi har ya saki abin da ya sha, a matse iskar a tura ta bututu can cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ruwan kuma ya koma bakin aiki. Akwai masu cire kabon tun kafin a ƙona man, akwai masu ƙonawa da zallar oksijin, waɗannan mu bar su.

An yi wannan aikin a tashar wuta ta Boundary Dam da ke Kanada tun 2014. An yi wani mai suna Petra Nova a Texas ta Amurka a 2017, su sayar da iskar suke wa masu haƙar mai, da farashin mai ya faɗi a 2020 lokacin korona sai suka rufe, sai 2023 suka sake kunnawa.

Inda gizo ke saƙar, tururin dafawar nan galibi daga jikin tashar ake ɗebo shi, ga injinan matsewa su ma wuta suke ci, kenan wutar da za ta iso gida ta ragu, kuɗi kuma ya ƙaru. Mu da ko isasshiya ba mu samu ba! Sannan tashoshinmu irin su Egbin ta Legas gas suke ƙonawa, kabon ɗin hayaƙinsu bai kai yawan na kwal ba, tsamo ɗan kaɗan ɗin ya fi wahala. Tashar Dadin Kowa dai da ruwa take aiki, ba ruwanta da hayaƙi. Ni a ganina in za a gwada a Gombe, kamfanin siminti irin Ashaka ne wurin, don can dutsen farar ƙasar ma da kansa yake fitar da kabon in an gasa shi. Yallaɓai bari in tsaya nan, caji na ya kusa mutuwa.