Ana tura waƙata a shagunan caji, ko akwai yadda zan kulle ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashin mawaƙi ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Na yi ta tara kuɗi har na shiga situdiyo na buga waƙa guda, na tura wa abokai kaɗan su ji kafin in sake ta. Ban ankara ba sai ga ta a shagunan caji, 'yan dawunlodin suna loda wa mutane a memori suna karɓar kuɗi, ni ko sisi. Wani ya ce min akwai manhajar da ake kulle waƙa ta ƙi turuwa. Gaskiya ne? In na kai ƙara kuma, doka za ta tsaya min?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kullen akwai shi, amma ba zai yi maka maganin wannan ba. Waɗanda suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba sun gwada sun haƙura.

A 1999 wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, ya fito da Napster, inda mutane ke musayar waƙoƙin MP3 kyauta ta intanet. Kamfanonin faifai suka maka ta a kotu, aka rufe ta a 2001, wasu irinta suka tsiro nan take. Daga 2003 ƙungiyar kamfanonin, RIAA, ta koma kai ƙarar ɗaiɗaikun mutane, dubbai, har da 'yan makaranta. Duk da haka kuɗin da masana'antar ke samu a Amurka ya faɗo daga sama da dala biliyan 14 a 1999 zuwa wajen biliyan 7 a 2014.

Kullen da abokinka yake nufi shi ake kira DRM. Da Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003, waƙar da ka saya ba ta buɗuwa sai a 'yan na'urorin da aka ƙayyade maka. Kamfanin faifai na Sony BMG ya wuce gona da iri a 2005: faifansa na CD, da ka saka a kwamfuta, sai ya dasa wata manhaja a ɓoye, wadda ta buɗe wa masu kutse ƙofa. Sai da kamfanin ya janye faifan ya sha shari'a. Wa ya wahala? Wanda ya cire kuɗi ya saya. Mai kwafin sata nasa yana buɗuwa a ko'ina lafiya lau. A 2007 shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, da kansa ya nemi a daina kullen, zuwa 2009 iTunes ya cire shi daga waƙoƙi.

Dalilin a fili yake. Duk abin da kunne zai ji, na'ura za ta iya ɗauka. Mutum ɗaya ya naɗo ta, shi ke nan, Xender da WhatsApp za su ƙarasa aikin kafin la'asar.

Abin da ya dawo da kuɗi shi ne saurare kai tsaye ta manhaja. Spotify ya fara a Suwidin a 2008, ya iso Najeriya a 2021. Boomplay, da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix, yana nan tun 2015. Ga kuma Audiomack. Su ma suna da kulle, shi ya sa waƙar da ka ajiye a cikin Spotify ba ta fita zuwa memori. Sai dai abin da ake biya a kan kowane saurare ɗan ƙanƙani ne, mutanenmu kuma data na yi musu tsada. Tun da kasuwar kaset da CD ta Ƙofar Wambai a Kano ta durƙushe, mawaƙin Hausa da biki da taron siyasa da talla da YouTube yake cin abinci. A ganina, ga wanda ba a sani ba tukuna, yaron shagon caji gidan rediyo ne da ba ka biya ba. Na san da ciwo, amma a wayar da ya loda wa ne uwar amarya za ta ji ka ta aiko a nemo ka.

Batun doka, tana bayanka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba ka haƙƙi tun daga ranar da aka naɗi waƙar, ko ba ka yi rajista ba, ta kuma ba ka damar neman a sauke aikinka daga shafin da ya ɗora ba izini. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana karɓar rajista ta intanet, takardarta za ta yi maka shaida. Amma jan mai shagon caji zuwa kotu, kuɗin lauya kaɗai ya ninka abin da ya ci da waƙarka.

Wanda ya kamata ka ji tsoro wani ne dabam. Shi ne mai tashar YouTube da zai riga ka ɗora waƙar, ya manna hoton wata jaruma a kai, ya shigar da ita da sunansa a Content ID, tsarin da YouTube ke gane waƙa da mai ita. Ranar da ka ɗora taka, saƙo zai zo maka cewa waƙar tana da mai ita, kuɗin tallan kuma can zai tafi. Don haka yau ɗin nan ka ɗora ta a tasharka, ko da mabiyanka ba su kai 1,000 da awa 4,000 na kallo da YouTube ke nema kafin ya fara raba maka kuɗin talla ba. Ka bi ta masu rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, su ba waƙar lambar shaida da ake kira ISRC su kai ta manhajoji da sunanka.

Sannan ka koma wurin mai situdiyo ku rubuta a takarda, gaban shaidu biyu, waye mai kiɗan, waye mai baitin, kashi nawa kowa zai ɗauka. Ka karɓi asalin fayilolin aikin, murya dabam kiɗa dabam, domin su ne hujjarka in rigima ta tashi. A waƙa ta gaba ka ambaci sunanka a cikin amshi, inda ba a iya yanke shi, abokai kuma ka tura musu daƙiƙa talatin kawai. Ka kuma tambayi mai situdiyon su wa ke taɓa kwamfutarsa in ba ya nan.