Kafin ka buga fegi

Wai me ya sa muke ɓata kwana uku muna zama da mutanen da ambaliya ta cinye wa gidaje, alhali zanen injiniya na hannunmu? Kai yaro, tambayar nan taka ta fama min tsohon ciwo wallahi.

Shekarun baya wata ƙungiyar agaji ta ba ni kwangilar ɗakuna 40 bayan ruwa ya share wani ƙauye. Daga ofis aka kawo zanen, wanda ya yi shi ko ƙafa bai taɓa sawa a wurin ba. Ranar da muke jan igiya wata tsohuwa ta zo ta tsaya a kaina, ta nuna min shatin laka a jikin bishiya daidai ƙirjina, ta ce ɗan nan, nan ruwa yake kaiwa, ku matsa tudu. Na ce Iya, takarda muke bi. Fandisho na ban rage siminti ko cokali ba, kowa ya san hannuna, amma damina ta farko ruwa har taga, banɗakunan kuma an jera su bakin hanya inda maza ke zama, mata suka ƙi zuwa sai dare ya raba. Ƙungiyar ta riƙe min kason ƙarshe wai laifin magini ne. Injin bulo na na sayar na biya leburori, har yau ban mayar da shi ba, kuma ban yafe ba.

Ƙa'idar Sphere da masu agaji ke bi ta ce murabba'in mita 3.5 na matsuguni ga kowane mutum, banɗaki ɗaya ga mutum 20. To madalla, amma ina ƙofa za ta kalla, ina za a ɗaure dabba, ina za a hura wuta? Bayan tsunamin 2004, wato ambaliyar teku, an gina wa masunta gidaje nesa da teku a Siri Lanka, da yawa suka koma bakin ruwa. Ita ko Yasmeen Lari, mai zanen gine-gine a Pakistan, bayan ambaliyar 2022, gora da ƙasa ta yi amfani da su, matan wurin da kansu suka gina.

Kwaɓin siminti da ɗaura katako ba zan tsaya koya maka ba. Ku yaran yanzu waya a hannu, dattijo na magana kuna latse-latse. Gobe ka ajiye ta, ka zo da igiya, kar ka buga fegi ko ɗaya sai matan sun zagaya da kai filin.