Fitsarin Zomanyarmu Ya Yi Kauri Kamar Kunu: Ko Ruwan da Ta Sha Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ina zaune a Makka, wajen Shari'a Mansur, kuma muna da zomanya 'yar shekara uku da muka saya wa yara. Mai sayarwar ya gargaɗe mu kada mu ba ta ruwa, ya ce barsim, ɗanyar ciyawar alfalfa da ake sayarwa a nan, ya ishe ta. Yanzu fitsarinta ya yi kauri kamar kunu, idan ya bushe sai ya bar fari kamar alli. Kwana huɗu ke nan tana daɗewa a tsugune tana yunƙuri, sai ɗigo-ɗigo ke fita, gashin cinyoyinta ya jiƙe yana zubewa, jiya kuma na ga ja a ciki. Ƙaramin ɗana ya sha ba ta ruwa a ɓoye, ko shi ne ya jawo? Maƙwabciyata ta kawo mini ragowar amoksisilin na jaririnta, in ba ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ba ta wannan magani, kuma kada ki yi wa yaron faɗa, domin a gidan kaf shi kaɗai ne ya yi wa dabbar abin da ya kamata. Amoksisilin da danginsa na magungunan kashe ƙwayoyin cuta, idan zomo ya sha su ta baki, suna kashe ƙwayoyin halittar da ke narka masa ciyawa a hanji, masu dafi su samu fili, zawo ya tsinke, sau da yawa kuma mutuwa ta biyo baya cikin 'yan kwanaki. Tun shekarar 2018 aka tsaurara wa kantunan magani a ƙasar nan kan sayar da irinsa ba tare da takardar likita ba, amma babu dokar da ta isa ga ragowar kwalbar da ke cikin firjin maƙwabta.

Fitsarin zomo mai lafiya ma yana da ɗan gurɓata, domin hanjinsa yana tsotse kusan duk kalsiyam ɗin da ya ci, wato sinadarin da ke gina ƙashi, ƙoda ce ke zubar da rarar. Ƙodar yawancin dabbobi ba ta zubar da ko kashi 2 cikin ɗari na abin da ta tace, ta zomo kuwa tana zubar da kusan rabinsa. Launi ma yakan sauya daga ruwan ɗorawa zuwa ja saboda ganyen da aka ci, ba tare da jini ba. Abin da ya ɗaga mini hankali a wasiƙarki shi ne yunƙurin da jiƙewar cinyoyi, waɗanda ke nuna lakar kalsiyam ta taru a mafitsara, ko kuma tsakuwa ta riga ta ƙullu.

Yanzu bari in zo kan maganar mai sayarwa, wadda nake ji kusan kullum har ta ishe ni. Bahaushe ya faɗa mini, Balarabe ya faɗa mini, kowa da ƙarfin gwiwarsa: wai zomo ba ya shan ruwa, idan ya sha cikinsa zai kumbura. Hujjarsu ita ce ba su taɓa ganin zomon daji a bakin tafki ba. To, zomon daji yana kiwo da asuba a kan ɗanyar ciyawa mai raɓa, da rana ya lafe a inuwa. Ita kuwa taki tana cikin keji, ƙila a kan rufin bene ko a baranda, a garin da zafi ke haura digiri 45, kuma zomo ba ya gumi, ta kunnuwa da numfashi yake rage zafin jikinsa. Zomo yana buƙatar ruwa mililita 50 zuwa 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo biyu zai iya shanye kofi guda cur. Ina barsim ɗin da ya yi yaushi a hanya zai samo wannan?

Abin takaici, barsim ɗin da aka ce ya wadatar yana cikin ciyayin da suka fi yawan kalsiyam, kamar harawar da muka sani a gida. Ya dace da 'ya'yan zomo masu tasowa da uwa mai shayarwa, ba baligin da ke zaune wuri ɗaya ba. Ke nan ana ɗura mata alli, an kuma hana ta ruwan da zai wanke shi. Duk wadda ta taɓa dama kamu da ƙarancin ruwa ta san abin da ke kwantawa a gindin ƙwarya. An taɓa kawo mini wani zomo namiji nan Jidda, shekara biyu bai ga kwanon ruwa ba. A hoton X-ray mafitsararsa ta fito fara fat kamar ƙwai, da muka matsa ta kuma abin da ya fito sai ka ce man goge haƙora da aka cuɗa da yashi. Mai shi ya rantse mini cewa ya bi duk abin da aka gaya masa a kasuwa, kuma na yarda da shi. Mai kasuwa ribarsa ce kejin da ba ya jiƙewa, dabbar kuma ba ta kwana uku a hannunsa. Mu da muka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ta hana ta ci da sha, bai kamata a ce wani ya faɗa mana haka mun karɓa ba bincike ba.

Ki kai ta asibitin dabbobi yau ko gobe, ki nemi likitan da ya saba da zomaye, a ɗauki hoto, domin tsakuwar zomo tana fitowa sarai. Laka ana iya wanke ta da ƙarin ruwa da bututu, tare da maganin rage ciwo. Tsakuwa kuwa ba ta narkewa da lemon tsami ko ruwan kal (binega) ko wani jiƙo, sai tiyata. Tunda mace ce, idan ba a cire mata mahaifa ba, ki roƙi a duba nan ma, saboda ciwon dajin mahaifa ya yi yawa a zomanyar da ta kai shekara uku zuwa huɗu, jininsa kuma yakan fito ne tare da fitsari.

Kafin ku tafi, ki ajiye mata ruwa a kwanon tangaran mai nauyi, ta fi sha a nan bisa kwalbar da ake ratayawa. Ki shigar da ita ɗaki mai sanyi, ki wanke bayanta kaɗai da ruwan ɗumi ki busar sosai, don ƙuda na iya ajiye ƙwai a danshin, tsutsa ta fito cikin yini guda. A sauya barsim da busasshiyar ciyawar rodas ko timoti sannu a hankali, a cire dutsen lasa na gishiri idan akwai shi a kejin, a bar ta ta riƙa zagaya tsakar gida. Idan fitsarin ya tsaya gaba ɗaya, ko ta yi awa 12 ba ta ci ba ta yi kashi ba, kada a jira gari ya waye.