Yayana ya rasa ganinsa: akwai wasan karta ko dara da zai iya yi a intanet?

Tambaya: Yayana ya rasa ganinsa sanadiyyar hawan jinin ido. Kafin lalurar ba wanda ya kai shi son karta da dara a gidanmu, yanzu kuwa sai dai ya zauna yana sauraronmu. Na sauke masa wasanni a waya, amma ya kasa yin ko ɗaya. Akwai waɗanda za su yi masa? Kuma zan so a ce tare za mu riƙa bugawa.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Akwai su, kuma mafi yawan waɗanda zan ambata kyauta ne. Amma bari in fara da dalilin da ya sa waɗanda kika sauke suka ƙi, domin idan kika gane shi, da kanki za ki riƙa tantance wasa.

Makaho yana amfani da waya ko kwamfuta ta hanyar manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya. A Android sunanta TalkBack, a iPhone VoiceOver, a kwamfuta mai Windows kuma akwai NVDA, wadda kyauta ce, da JAWS, wadda ake saya. Rubutu suke karantawa, da sunan da mai ƙera manhaja ya raɗa wa kowane maɓalli. To, yawancin wasanni zana teburin gaba ɗaya ake yi a matsayin hoto guda. Ke kina ganin katuna bakwai a hannunki, ita manhajar ba ta ganin komai, sai ta yi gum ko ta ce “maɓalli” kawai. Shi ya sa yawan kyan wasa a ido ba ya nuna zai yi wa yayanki amfani. Abin dubawa shi ne ko wasan yana faɗin halin da ake ciki a rubuce: wane kati aka jefa, juyin wa ne, me ya rage a hannu.

Tunda karta ce abin sonsa, ku fara da QuentinC's Playroom. An gina shi tun daga tushe domin makafi, yana da Uno da domino da wasannin karta iri-iri, da Faransanci da Turanci da wasu harsuna. Kusan babu hoto a ciki. A kwamfuta, da maɓallan kibiya mutum yake bin katunansa, manhaja tana karanta masa ɗaya bayan ɗaya, sannan akwai ƙarar da ke sanar da shi juyinsa ya zo. RS Games ma haka tsarinsa yake, da Uno da Monopoly da Yahtzee. Mai gani zai iya shiga duka biyun, sai dai ki shirya: a ranar farko ke ce za ki zama baƙuwa, shi kuma ɗan gari. A ganina wannan ba aibi ba ne.

Idan kuma zai yarda ya koyi ces, wato darar Turawa, nan ne na fi ƙarfafa muku gwiwa. Kowane gida a allon ces yana da suna: harafi daga a zuwa h, lamba daga 1 zuwa 8. Saboda haka ana iya buga wasan gaba ɗaya da baki, a ce e4 ko Nf3 (wato doki ya koma gida f3), ba tare da an kalli komai ba. Makafi sun daɗe a wannan fage, har suna da ƙungiyarsu ta duniya tun 1958, kuma a gasa akan kira haruffan da sunaye irin su Anna, Bella, Cesar, David don kada a rikita b da d. Shafin Lichess, wanda Thibault Duplessis ɗan Faransa ya kafa a 2010, yana da tsarin makafi na musamman. Maɓallin kunna shi yana can saman shafi, ido ba ya ganinsa amma manhajar karatu tana tarar da shi. Da an kunna, allon sai ya koma rubutu, mutum ya rubuta tafiyarsa, ya tambayi agogo, ya tambayi inda kowane ɗa yake. Abokin wasansa kuwa allo na yau da kullum yake gani, bai ma san da makaho yake karawa ba. Shafin ba shi da talla, wanda babban sauƙi ne, domin tallan da ke faɗowa tsakiyar wasa yana ɓatar da mai bin allo da kunne.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne agogo. Sauraro ya fi kallo cin lokaci, don haka kada ya fara da wasan minti uku. A Lichess ana iya zaɓar wasan da kowace tafiya take da kwana 1 har zuwa 14. Zai taimaka kuma idan ya ajiye allo na zahiri a gabansa, irin mai ramuka da ake cusa ’ya’yan a ciki, yana shafawa yana bin wasan.

Ga masu wata lalurar da za su karanta wannan: mai rawar hannu ko raunin yatsu ya nemi wasan da ake taɓa gida biyu maimakon jan ɗa da yatsa, ya kuma duba Switch Access ko Voice Access a Android, waɗanda ke ba da damar sarrafa waya da maɓalli na daban ko da murya. Board Game Arena yana da ɗaruruwan wasanni da ake iya yi a hankali, juyi bayan juyi, ya dace da kurame da masu raunin hannu, amma ya dogara da gani ƙwarai. Wanda ba ya bambance ja da kore ya nemi inda aka sa wa kowane launi alama, kamar yadda aka yi wa wani bugun Uno a 2017.

Ki zauna da shi lokacin rajista, saboda gwajin nan na “zaɓi hotunan da ke da mota” yakan tare makafi tun daga ƙofa. Ki kuma lura, shafukan karta da dama na caca ne. Duk wanda ya nemi lambar katin banki kafin a fara wasa, ku bar shi.