Tambayoyinku: Fentin Ruwa ko Fentin Mai, da Wanne Ɗan Koyo Zai Fara?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru min yawanci kan ajin koyon zane ne, irin wanda ƙungiyoyin masu zane na sa-kai ke buɗewa ga duk mai sha'awa, shi yasa na haɗa su waje ɗaya. Amma kafin mu shiga, in nace fentin ruwa da fentin mai a nan ba na bango nake nufi ba, wanda ake sayarwa a bokiti. Na zane nake nufi, mai zuwa a 'yan ƙananan bututu kamar man goge baki, ko a daskare cikin ɗan akwati.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Wata ƙungiyar masu zane ce ta buɗe aji biyu na 'yan koyo, ɗaya na fentin ruwa ɗaya na fentin mai, kuma lokaci ɗaya ake yinsu dole ɗaya zan ɗauka. Ni tunda nake ban taɓa riƙe buroshi ba. Ƙawata tace in shiga na ruwan ai shine na yara yafi sauƙi, na man kuma sai ƙwararru. Haka ne? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙawarki rabin gaskiya ta faɗa miki. Fentin ruwa yafi sauƙin kaya, wannan ba musu, kofin ruwa da takarda da buroshi biyu kin gama shiri, in kin tashi ki ɗauraye ki goge tebur shikenan. Amma wajen aikin hannu wallahi shi ne yafi taurin kai, kuma na sha ganin 'yan koyo sun shigo da tunanin wasan yara ne, sati uku sun gudu suna cewa basu da baiwa, alhali ba baiwa suka rasa ba, bayani ne ba'a musu ba tun farko.

Bari in miki bayanin. Fentin ruwa garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro, eh ƙaron da kika sani na jikin itace, shi ke riƙe launin a takarda in ruwan ya bushe. Shara-shara ne, duk abinda ke ƙarƙashinsa ana hangowa. To kinga farin da kike gani a zanen fentin ruwa, farin gajimare ko ƙyallin ido, galibi takardar ce kawai aka bari ba'a taɓa ba. Kenan tun kafin ki sa buroshi sai kin san inda zaki bari fari, ki fara da launi mai haske ki riƙa ƙara duhu a hankali, in kika rufe wajen da ya kamata ya zama fari to dawo da shi aiki ne, wani lokacin ma baya dawowa gaba ɗaya. Ga shi yana bushewa cikin 'yan mintuna, kuma in ya bushe sai yayi haske fiye da yadda kika ganshi yana jiƙe. Wanda yace na yara ne ya nemi hoton zomon da Albrecht Dürer na Jamus ya zana da fentin ruwa a 1502, har yau yana ajiye a gidan tarihi na Albertina a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, gashin zomon nan kamar ki kai hannu ki shafa.

Shi kuwa fentin mai, garin launin ne dai amma da mai aka kwaɓa shi, yawanci man linsid da ake matsowa daga 'ya'yan wata shuka. Yana da kauri, yana rufe abinda ke ƙasansa, kuma yana ɗaukar kwanaki bai bushe ba. Wannan jinkirin da mutane ke kuka da shi, shi ne rahamar ɗan koyo. Kin zana kofi ya karkace? Ki sa 'yar wuƙar fenti ki kankare, ki goge da tsumma ki sake. Kin cika duhu, ki ɗora haske a kai. Gobe ki dawo ki tarar har yanzu yana motsuwa. Fentin mai yana da yafiya, na ruwa kuwa abinda kika yi yana nan yana kallonki.

Ni dai in shawarata zaki bi, tunda aikinki na juyi ne yau safe gobe dare, ki ɗauki na ruwan, amma ki shiga da sanin cewa zanenki goma na farko zasu ɓata miki rai kuma haka na kowa yake. Dalilina shine zaki iya zama minti ashirin ki zana ganye ɗaya ki tattare, shi kuwa na man shimfiɗa kaya da wanke buroshi kaɗai sun cinye wannan lokacin, kuma hannu baya faɗawa sai da yawan yi. In kuma kin san kanki mace ce da kuskure ɗaya ke sa ki yaga takarda ki tashi, to na man ya fi miki. Ki roƙi masu ƙungiyar su barki ki zauna a kowane aji sau ɗaya ki kalla, gani ya kori ji. Ki lura ko malamin yana zagayawa yana duba aikin kowa ko kuwa nasa kawai yake yi a gaba ana kallo, sannan ki tambaya ko su ke bada kayan aiki a satin farko, kar ki sayi komai kafin nan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Sati na huɗu kenan a ajin fentin ruwa, in na dawo gida na gwada sai takardar ta kumbura ta lanƙwashe, kalolin kuma duk su koma kamar ruwan kwata. Na malamarmu kuwa fes. Me nake yi ba daidai ba? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanena ina kyautata zaton takardar fotokwafi kake amfani da ita a gida. Waccan giram 80 ce, wato ma'aunin nauyi da kaurin takarda, ba'a yi ta dan shan ruwa ba. Ka nemi takardar fentin ruwa mai giram 300, zaka ga an rubuta a bangon, in ka samu ta auduga ma yafi. Ka manne gefenta huɗu a jikin katako da tef ɗin takarda, kar ka cire sai ta bushe ƙayau, zata miƙe da kanta.

Maganar kala kuma abu uku nake zargi. Ko kana haɗa kala fiye da uku waje ɗaya, ko kana haɗa kishiyoyi ba da sani ba, ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, waɗannan in suka haɗu toka-toka ko ruwan ƙasa suke bayarwa, abu ne mai amfani wajen inuwa in da gangan kayi. Ko kuma kofi ɗaya kake wanke buroshi kuma daga cikinsa kake ɗiban ruwan haɗi, ka ajiye biyu. Amma wanda yafi kama 'yan koyo shine komawa kan wajen da bai gama bushewa ba. Ka karkata takardar ka duba, in tana ƙyalli zaka iya ƙara launi ya baje da kyau, da zarar ƙyallin ya fara dusashewa to ɗauke hannunka, duk abinda ka taɓa a lokacin tabo zai bari ya tono na ƙasa. Nasan hannu yana ƙaiƙayi a lokacin, shi yasa nake cewa ɗalibai su riƙa aikin zane biyu tare, wannan na bushewa kana kan wancan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne na ajiye aiki, 'ya'yana suka sa ni a ajin fentin mai dan in rage zaman banza kuma gaskiya ina jin daɗinsa. Sai dai zanen da nayi yau kwana shida yana kama yatsa, ko fentin ne ya lalace? Sannan warin yana sa min ciwon kai, uwargida ma ta fara ƙorafi. In shanya shi a rana ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, saƙonku ya faranta min rai sosai. Fentinku lafiyarsa ƙalau. Shi fentin mai ba irin bushewar wanki yake ba da ruwa zai tashi ya bar kaya, man ne yake shan iskar oksijin a hankali har ya daskare ya zama kamar fata. Kuma kowace kala da nata saurin, ruwan ƙasa mai duhun nan kwana ɗaya zuwa biyu ya kama, farin titaniyom da ja ko rawayan kadmiyom sai su kai sati ko fiye, in an labta da kauri kuwa sama ta bushe ciki na nan ɗanye har watanni. Shi yasa ake cewa a jira wata shida zuwa shekara kafin a shafa masa banish mai ƙyallin nan. Kar ku kai shi cikin zafin rana, ku jingine shi a ɗaki mai haske da iska inda ƙura bata sauka a fuskarsa.

Sannan akwai ƙa'ida ɗaya da nake fata malaminku ya faɗa, shafin farko ya zama siriri mara mai da yawa, na samansa ya fi shi mai. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, bayan wani lokaci sai ku ga zanen ya tsattsage.

Ciwon kan kuma Baba kar ku raina shi. Yawanci ba fentin ne ke warin ba, tafentin ne da ake tsinka fentin da shi ana wanke buroshi, kuma shaƙarsa a rufaffen ɗaki illa ce. Akwai wanda aka cire wa wari amma shima tururinsa na tashi, hanci ne kawai baya ji, dan haka taga dai a buɗe, gwangwanin kuma a rufe. Kuna ma iya barinsa gaba ɗaya, ku goge buroshi da tsumma, ku tsoma a ɗan mai ku sake gogewa, ku wanke da sabulu. Akwai kuma fentin mai da aka sarrafa yana haɗuwa da ruwa, ku tambaya. In ciwon kan ya ci gaba bayan haka a ga likita.

Abu ɗaya da nake roƙonku da shi, tsumman da ya sha man linsid kar a dunƙule shi a jefa a kwando. Wancan shan iskar da na faɗa zafi yake fitarwa, in tsumma ya taru a dunƙule zafin bashi da hanyar fita, yana iya kamawa da wuta shi kaɗai ba ashana. A baje shi a waje ya bushe ko a nutsa shi a ruwa cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Kuma kalolin da ke da kadmiyom ko kobalt ko dalma a ɗaga su sama inda jikoki basa kaiwa, a wanke hannu kafin a taɓa abinci.

TAMBAYA: Malam naga akwati mai kala 36, in saya kafin mu fara aji? Daga wata amarya.

AMSA: A'a ƙanwata, bar shi. Kala shida sun ishe ki shekara, ja biyu, rawaya biyu, shuɗi biyu, ki ƙara ruwan ƙasa ɗaya in kina so, in ajin mai ne ki haɗa da babban fari dan shi yafi saurin ƙarewa. Mai kala 36 bata koyon haɗi, kore take nema sai ta buɗe kore, kuma koren bututu baya kama da na ganyen gaske sai an karya shi. Anders Zorn, shahararren mai zanen nan na Suwidin, an san shi da aiki da kala huɗu, fari da baƙi da ja da rawayan ƙasa, kuma da su yake fitar da fatar mutum kamar tayi magana. Shuɗin altramarin ki tabbata yana cikin naki, a da daga dutsen lazuli na Afganistan ake niƙo shi, tsadarsa tana gogayya da zinariya, sai a 1828 wani Bafaranshe Jean-Baptiste Guimet ya samu kyauta kan haɗa shi a masana'anta, yau gashi yana cikin masu araha. Kuɗin da kika rage ki zuba a takarda mai kyau. Buroshi kuma ki duba, masu taurin nan na fentin mai da yawansu gashin alade ne, akwai na nailan kuma suna aiki lafiya lau.

TAMBAYA: Ni matsalata kunya, ko layi miƙaƙƙe ban iya ja ba, ina tsoron in je a min dariya. Daga wani tela.

AMSA: Ɗan'uwa kai da kake yanka yadi da ido kake haɗa zare da atamfa su dace, ai ka riga rabin ajin sanin launi. Layi miƙaƙƙe kuwa ba'a nemansa, akwai rula. Ajin 'yan koyo kowa kansa na kan takardarsa yana fama da tasa. Kafin ranar farko ka ajiye farin kofi kusa da taga, ka ɗan runtse ido har ya daina zama kofi ya koma haske da inuwa, sannan da fensir ka shafa inda yafi duhu, da matsakaici, ka bar mai hasken fari. Kayi sau biyar a lokuta daban-daban na yini, ka rubuta kwanan wata a bayan kowanne, ka tafi da su aji ka nuna wa malamin dan ya san daga inda zai ɗauke ka.