Tambaya da Amsa: Roja ko Dil Se, a wanne ne Rahman ya fi zuba basira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a raba mana gardama. Ni da abokina kullum sai mun yi musu a kan kiɗan da A.R. Rahman yake yi wa darakta Mani Ratnam, ni na ce babu kamar Dil Se, shi kuma ya kafe a kan Roja, har yana cewa wai yanzu Rahman ya gaji basirar ta ƙare. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?
Daga wani mai bibiyar wannan fili

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To ai wannan musun naku masoyan Rahman a Indiya ma sun daɗe suna yin sa, kuma har yau ba su gama ba.

Abokinka yana da hujja fa. Roja na 1992 shi ne fim na farko da Rahman ya yi wa kiɗa, kafin nan kiɗan talla yake yi a Madras, garin da yanzu ake kira Chennai. Shi Ratnam da Ilaiyaraaja yake aiki a baya, wanda a lokacin shi ne sarkin kiɗa a finafinan Tamil, sai ya ɗauko wannan yaron ɗan shekara 25 ya danƙa masa aikin, kuma bugun farko ya ci lambar yabo ta ƙasa. Kai ma ba ka yi ƙarya ba, Dil Se na 1998 ai shi ne mai Chaiyya Chaiyya, wadda Shah Rukh Khan da Malaika Arora suke rawa a saman jirgin ƙasa yana tafiya, waƙar da har Spike Lee na Amurka ya aro ya saka a fim ɗinsa Inside Man a 2006.

Amma ku biyun duk waƙa kuke aunawa, kun manta da kiɗan da ake sawa a ƙarƙashin labari, wanda yake tashi lokacin da ba wanda ke waƙa ba wanda ke rawa. Ni a nan nake gane mai kiɗa, kuma idan da wannan za a yi hukunci wallahi Bombay na 1995 zan ɗauka. Labarin Bahindu ne da ya auri Musulma, rikicin da ya biyo bayan rushe masallacin Babri a Disambar 1992 ya rutsa da su, har 'yan biyunsu suka ɓace a cikin tarzoma. Akwai wani kiɗa a ciki da ba a furta ko kalma ɗaya, sarewa ce kawai take farawa a hankali kamar mai jin tsoron kar ta tashi wani daga barci, can sai gogen Turawa su taso su rufe ta, kana zaune sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi alhali ba wanda ya ce maka komai. Ka sa abin jin sauti a kunne da daddare ka saurara, sannan ka dawo mu yi magana.

Batun wai ya gaji kuwa, gaskiya ban yarda ba. Mutumin da tun 1992 Ratnam bai sake canza shi ba, sun yi Guru a 2007, sun yi Raavan a 2010, sun zo sun yi Ponniyin Selvan kashi biyu a 2022 da 2023, kuma kashi na farkon, wato na 2022, ya sake samo masa lambar yabo ta ƙasa a kan kiɗan ƙarƙashin labari. Abin da nake zargi shi ne abokinka yana yaro ya ji Roja, ƙuruciyarsa yake tunawa shi ya sa komai ya zo daga baya sai ya ji kamar ba gishiri.

Ka ce masa na ce ya nemi Kannathil Muthamittal na 2002, wani fim ɗin Ratnam da Rahman ya yi wa kiɗa, ya kalla, idan ya gama ku sake zama.